Shekarar da Gwiwata ta Hana Ni Durƙuso

Har yau in zancen ciwon gwiwata ya taso, sai in ji ɗayanku ya yi dariya ya ce ai Mma taurin kai ne ya kai ta Akra aka ƙona mata jijiya, alhali ga allurai masu sauƙi a nan Kumasi. Na daɗe ina jin wannan magana ina yin shiru. Yanzu da tsufa ya zo sosai, gara in faɗa muku yadda abin ya kasance, don kada ku ba jikokina labarin a karkace. Zan riƙa ambaton ku kamar da baƙi nake magana, saboda waɗanda za su karanta a bayanmu. Ku uku Allah ya bar mini. Akwai ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, bakanike ne a Suame Magazin, unguwar masu gyaran motoci, ƙannensa suna ce masa Yaya. Sai Rabi, tela, wadda ta dawo gidanmu na Asawase bayan rasuwar mijinta. Sai auta Bashiru da ke aiki a Jamus.

Abin da aka san ni da shi a Zango, wato unguwannin Hausawa na Kumasi, shi ne wankan gawar mata. A wurin gwoggona na koya, tun ina goyon Rabi. In mace ta rasu, daga Asawase har Oforikrom, sau da yawa ƙofata ake fara bugawa, in ɗauki ganyen magarya da kafur in bi ɗan aike. Aiki ne na durƙuso. A ɗakunanmu babu tebur, a kan katako ake shimfiɗe mamaciya a ƙasa, ke kuma ki sa gwiwa a jiƙaƙƙen siminti, ki juya ta dama, ki juya ta hagu, ki tsefe mata kai, ba ki miƙewa sai an naɗe ta a likkafani. Ranar da gwoggo ta fara shiga da ni, a bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce,

"Salamatu, abin da idonki ya gani a ɗakin nan, a ɗakin nan za ki bar shi. Ko mijinki, ko ɗan da kika haifa."

Na riƙe wannan magana duk rayuwata, kuma ita ce ta ɗaure mini baki a shekarar da nake ba ku labari.

Kun san ƙawata Memuna mai koko, wadda ke zama a bakin lungunmu. Ta riga ni fara ciwon gwiwa. Akwai wani mutum da ke yawo da jaka yana yi wa tsofaffi allura a wani ɗaki bayan shagon magani, ba likita ba ne, amma yana sa farar riga. Shi ya soka mata allura a cikin gaɓa. Kwanakin farko har rawa ta taka mini a tsakar gida, tana cewa in zo in ga ikon Allah. Daga nan ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, kafin a kai ta asibiti dafin ya shiga jini. Unguwa ta ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta. Ni na yi mata wanka. 'Ya'yanta sun yarje mini yanzu in faɗi iya wannan, don a kiyaye, amma abin da na gani a ƙafar nan ba zan siffanta shi ba ko yau. Na dai fito daga ɗakin, na ajiye buta na tafi gida.

Ba a yi shekara ba tawa gwiwar ta dama ta tsananta. Da ma tana ƙara in zan tashi, kamar ana taka tsakuwa, ina shafa man zafi ina wucewa. Sai ga wata safiya a damina, an kira ni wani gida a Oforikrom. Na gama wanka lafiya, aka ɗaure likkafani, maza suna tsaye a waje da makara suna jira. Na dafa ƙasa zan miƙe, ƙafa ta ƙi. Na sake gwadawa, wani zafi ya soke ni har cikin ƙirji. Ga ni durƙushe a gefen gawa, ruwan wanka yana bin zanena, ana buga ƙofa ana cewa mata su yi sauri. Mata biyu ne suka kama ni ta hammata suka ja ni zuwa jikin bango, aka ɗauki mamaciya aka wuce ta gabana. A nan zaune na fara jin tsoron da bai sake ni ba har ƙarshen shekarar. Na ce a raina, to Salamatu, hanyar da Memuna ta bi ke nan, daga ciwo sai allura.

Rabi ce ta matsa har na yarda muka hau torotoro, motar hayar da ake shiga a nan, zuwa asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka kai mu wurin wata likita 'yar Asante, siririya, mai magana a hankali. Tana yin Tuwi, yaren Asante, Rabi tana cike mini abin da ya kuɓuce mini da Hausa. Ta ɗaga hoton ta nuna mini inda ƙashi biyu suka kusa haɗuwa. Ta ce guringuntsin da ke tsakaninsu ne ya cinye, kuma babu maganin da zai mayar da shi. Babban aiki shi ne a yanka a sa gwiwar ƙarfe, amma ciwon sugana bai daidaita ba, ba za ta ba da shawarar yanka a lokacin ba. Abin da ya rage shi ne hanyoyin rage zafi da ba sai an yanka ba, kuma ta ce kowace da amfaninta da aibinta. Akwai allurar kashe kumburi, wadda ke aiki da wuri, amma ƙarfinta na 'yan makonni ne ko 'yan watanni, tana tayar da suga, ba a kuma yawan maimaita ta. Akwai wani ruwa mai yauƙi da ake zubawa a gaɓa don ta yi santsi, wasu yana yi musu, wasu ba sa jin komai. Akwai kuma wadda ake ɗibar jininki a hannu, a juya shi a inji, a tace wani ɓangare a mayar cikin gwiwa. Wannan ta ce su kansu likitoci ba su gama yarda da juna a kanta ba. A ƙarshe, kamar ba ta so, ta ambaci wata da ake yi a Akra, inda ake dumama bakin allura a kashe 'yan ƙananan jijiyoyin da ke kai labarin zafi daga gwiwa zuwa kai.

Duk bayanin nan abu ɗaya kunnena ke nema. Na ce wa Rabi ta tambaye ta, a cikinsu wacce ce allurar ba ta shiga cikin gaɓa.

Likita ta dube ni da kyau. Ta ce, "Maame," wato uwa, "me kike tsoro?"

Na ce, "Ba komai. Tambaya ce kawai."

Ta ce ukun farko duk cikin gaɓa ake sokawa. Ta jijiyar ce kaɗai ake tsayawa a waje, a jikin ƙashi. Ta ƙara da cewa in a asibiti ne, da hannu mai tsabta da sabuwar allura, da wuya ƙwarai gaɓa ta ruɓe, kuma ita ma ta jijiyar ba ta rasa nata haɗarin. Na ji ta, hankalina ma ya yarda da ita. Amma da na kalli allurar da ke kan tirenta, sai ƙafar Memuna ta tsaya mini a ido.

Wata Juma'a bayan la'asar aka yi zaman gida a kaina. Yaya ya zo daga Magazin ko rigar aiki bai canja ba, Rabi ta jingina waya a jikin kwano yadda za mu ga fuskar Bashiru. Yaya ne ya fara, yana murza tafin hannunsa da ya yi baƙi da mai.

"Mma, ni abin nan a fili yake. Ƙarfe biyu in suna gugar juna, giris ake sa musu. A zuba miki ruwan nan mai yauƙi, a huta."

Rabi ta ce, "Yaya, likita ta ce ba kowa yake yi wa ba. Ni na fi son ta kumburin. Mma ba ta samun hutu da rana ko kaɗan, ko wata ɗaya ne ta ji sauƙi. Sugan ni zan riƙa auna mata."

Bashiru ya ce duk waɗannan tsohon yayi ne. A can inda yake akwai wata sabuwar hanya, ana zura siririn bututu ta jijiyar jini a cinya, a bi har gwiwa, a toshe 'yan ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kumburin. Ya riga ya yi magana da wani asibiti, ya fara neman mini takardun tafiya. In kuma ba zan iya jira ba, to a yi mini ta jinin jikina, tunda ba baƙon abu za a sa mini ba. Na san ya daɗe yana bincike, ya yi ta turo wa Rabi bidiyo iri iri. Suka yi ta ja, wannan ya ce tasa ta fi daɗewa, waccan ta ce tata ta fi sauri, wancan ya ce tasa ce ta zamani. Ina zaune a tsakiya da ƙafa miƙe a kan matashi, ana magana a kan gwiwata kamar motar da aka kawo gyara. Da suka yi shiru na ce,

"Ta Akra nake so. Ta jijiya."

Yaya ya miƙe tsaye. "Wuta fa, Mma. A sa miki wuta a ƙafa? In suka taɓa wadda ba ita ba fa?"

Bashiru ya ce, "Mma, don Allah me ya sa? Ki ba ni dalili ɗaya."

Dalilin yana bakina. Da na ce Memuna, da duk sun fahimta. Amma in na faɗa, sai su tambaye ni me na gani, kuma a lokacin iyalinta ba su yarda kowa ya sani ba. Bututun Bashiru kuwa, tunanin wani abu yana tafiya a cikin jinina, a ƙasar da ban san kowa ba, in abu ya ɓaci ban san hannun wa zai yi mini wanka ba, shi ma ya fi ƙarfina. Sai kawai na ce haka raina ya kwanta. Bashiru ya yi sallama a gajarce ya kashe waya. Ya ɗauki lokaci mai tsawo bai kira ni ba, sai dai ya tambayi Rabi lafiyata. Wannan ya yi mini ciwo fiye da gwiwar, ina so ya sani.

Kada ku zaci da na zaɓa tsoro ya tafi. Sabo ne ya zo. Labari ya zaga lungu, mata suka yi ta zuwa dubiya, kowace da abin da ta ji. Wata ta ce ƙanwar kishiyar uwarta an taɓa mata jijiya a baya, har ta mutu ba ta sake takawa ba. Wata ta ce ai ƙafar za ta bushe ta zama kamar itace. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Dagomba ta kama hannuna ta ce zafi ai shi ke gaya wa mutum ya tsaya, in an kashe shi zan yi ta taka ƙashi yana niƙewa ban sani ba. Wannan ce ta fi shiga raina, har na koma wurin likitata tare da Rabi na tambaye ta. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce jijiyoyin da za a taɓa ba su ne ke motsa ƙafa ba, na jin zafi ne kawai, kuma suna sake tsirowa bayan wasu watanni, zafin ya dawo. Ta ce tsohuwar tana da 'yar gaskiya: gwiwar ba za ta gyaru ba, zafin ne kawai zai ragu, don haka dole in bi ta a hankali.

Ta ce, "Durƙuso kuwa, Maame, ko wacce kika zaɓa, ya ƙare. In kika ci gaba, gwiwar ƙarfe za ki jawo da wuri."

Na yi kamar ban ji ba. Rabi ma ba ta fassara mini ba, amma wannan Tuwin na gane shi sarai.

Sau biyu muka je Akra ni da Rabi. Zuwan farko gwaji ne, aka sa maganin kashe zafi a wuraren da za a ƙona don a ga ko zai yi mini aiki. Na tashi na taka a barandar asibiti kamar ba ni ba, kafin yamma zafin ya dawo, suka ce haka ake so. Zuwa na biyu Yaya ne ya kai mu tasha. Da na hau mota, sai ya leƙo ta taga ya ce in yafe masa ɗaga muryar da ya yi. Na ce Allah ya yi masa albarka. Da motar ta tashi na ga yana goge ido da gefen riga, sai na ce a raina ko shi ma yana ganin ba zan dawo da ƙafata ba.

A ɗakin aikin ba a sa ni barci ba. Aka cire mini zane aka ba ni wata riga mai buɗaɗɗen baya, aka kwantar da ni rigingine a kan tebur mai sanyi, aka rufe ni da ƙyalle, gwiwa kaɗai aka bari a waje. Wata ma'aikaciya ta wanke ta da ruwan magani, daga sama zuwa ƙasa, a nitse, ba ta magana. Duk rayuwata ni ke tsaye a kan wadda aka shimfiɗe, yau ga ni a ƙasa ina kallon rufi, hannun wasu yana juya ni. Na kama kalmar shahada ina maimaitawa, ban san da ƙarfi nake yi ba sai da likitan, wani mai furfura, ya ce da ni da gurguwar Hausa,

"Hajiya, ci gaba da addu'a, amma ƙafa kar ya motsa."

Na ji tsinin allura, sannan wani nauyi yana dannawa a jikin ƙashi. Suna kallon wani allo suna gyara ta. Kafin su kunna zafin sai da suka tambaye ni ko na ji ƙafa tana zillo, na ce a'a. Sai na ji ɗumi can ciki, da wani ciwo mai zurfi kamar ana murɗa ƙashi. Na runtse ido ina jiran in ji ƙafar ta mutu. Haka aka yi a wuri na biyu da na uku. Da suka ce an gama, ban yarda na dubi gwiwar ba. Yatsun ƙafata na fara kallo, na ce musu su motsa. Suka motsa. Na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar da mahaifinku ya rasu, ma'aikaciyar ta riƙe kaina a ƙirjinta har na yi shiru.

Makon farko ƙafar ta yi tsami, wurin ya ɗan kumbura. Kullum da safe sai in kwance bandeji in shinshina, in taɓa goshina in ji ko zazzaɓi ya zo. Rabi ta zaci tsabta ce ta dame ni. Zazzaɓi bai zo ba. A hankali zafin ya ja baya, bai tafi duka ba, amma ya zama abin da mutum zai iya zama da shi. Na koma zuwa kasuwar Asawase da ƙafata. Wani ɗan wuri a ƙasan gwiwar ya mutu, ko tsunkula na yi ba na ji, har yanzu haka yake. Kafin shekara ta zagayo zafin ya fara dawowa kamar yadda aka gaya mini, aka sake yi. Ban ce muku zaɓina ya fi naku ba. Wata maƙwabciyarmu ta yi allurar da Yaya ya so, ta ji daɗinta sosai. Wata ta yi ta Rabi ta samu ta yi azumi da tarawihi lafiya. Ta Bashiru ma wataƙila da ta fi daɗewa. Ni dai wadda zan iya kwantawa a yi mini ban gudu ba, ita na ɗauka. Da Bashiru ya zo gida hutu ya tarar da ni ina shanya a tsakar gida, ya tsaya a ƙofa yana kallona, sannan ya ajiye jaka ya zo ya karɓi bokitin. Ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Gwiwar kuwa ba ta sake lanƙwasuwa yadda take ba. Wanka na bar shi da hannuna. In an kira ni, ina zuwa, a ajiye mini kujera a bakin katako, in riƙa gaya wa matan da na koya wa inda za su sa hannu. Wannan na iya haƙuri da shi. Abin da ya fi mini wuya ya same ni ne ranar Juma'ar da na fara komawa masallaci. Na shiga wajen mata na nufi inda na saba tsayawa, sai na tuna, na juya zuwa jikin bango inda ake jera kujerun roba saboda tsofaffi. Wata dattijuwa da ban sani ba ta janye sandarta ta ba ni wuri. Liman ya yi kabbara, sahu duka ya tafi ƙasa, na ji ƙarar gwiwoyi a kan tabarma, ni kuwa na sunkuya a kan kujera, goshina yana rataye a iska. Hawaye ya zubo mini a cinya. Da aka sallame, dattijuwar ba ta dube ni ba, tana jan carbinta ta ce,

"Yau kika fara?"

Na ce, "Yau ne."

Ta ce, "Wanda kike yi wa ya san inda goshin yake so ya kai. Mako mai zuwa ki zo da wuri, kujerun ba su da yawa."

Tun daga ranar nake zuwa da wuri.